'Yar Karyar da Aka Sayar Don a Koma Caca

Mai karatu, ɗauka kana tafe a mota tsakanin Bodinga da Shagari, rana ta take, sai inji ya mutu. Ka fito ka ɗaga bonet kana 'yan taɓe-taɓe, sai ka ji wani siririn kuka daga cikin ciyawar gefen titi. Ka bi sautin, ka tarar da wata 'yar karya a cikin rami, duk ta rame, gashinta ya cukurkuɗe da taɓo, nauyinta bai wuce na kazar gida ba. Ba ka san mai ita ba, ba ka san ko mahaukaciya ce ba. Me za ka yi? Mun san halinmu. Da yawanmu dutse za mu fara dubawa a ƙasa.

Irin wannan ya faru da wani sojan Amurka mai suna Ed Downey a farkon shekarar 1944, a kusa da Nadzab, cikin dajin tsibirin Niu Gini, arewa da Ostareliya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi. A watannin nan ne kakanninmu na runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma suke fafatawa da Japanawa a kwarin Kaladan, a yaƙin da tsofaffi ke kira yaƙin Bama. Abokin gaba ɗaya ne, fagen ne daban. Jif ɗin Downey ta tsaya a hanya, ya ji kuka, ya leƙa wani ramin fakewa da sojoji suka haƙa suka bari, ya ga karya a ciki. Downey kuwa ba mai son kare ba ne ko kaɗan. Duk da haka ya sa hannu ya ɗauko ta.

Da ya isa sansani sai ya sauke wa kansa kaya, ya miƙa ta ga wani saje mai kula da motoci. Shi kuma sajen yana da tasa damuwar: ana buga karta ta kuɗi, an cinye shi, yana neman abin da zai koma da shi. Nan wani kofur ɗan shekara 21 mai suna William Wynne, mutumin birnin Cleveland a jihar Ohayo, ya ga karyar ya taya. Aka daidaita a kan fam biyu na Ostareliya, wato dala 6 da santi 44 a lokacin. Saje ya karɓi kuɗinsa ya ruga wurin caca. Da wani ya gaya masa abin da ya sayar, da ya ce mutumin ya sha wani abu.

Wynne ya sa mata suna Smoky. Nauyinta kilo 1.8, tsayinta daga ƙasa santimita 18, kuma ta riga ta gama girma, iyakarta ke nan. Sojoji suka yi zaton ta Japanawa ce. Aka kai ta wurin da ake tsare fursunonin yaƙi, aka yi mata magana da Japananci, ko gezau. Aka ba ta umarni da Turanci, nan ma shiru. To karyar wa ce, kuma me ya kai ta tsakiyar dajin da ake ruwan bama-bamai? Riƙe wannan tambayar, mai karatu, za mu daɗe kafin mu dawo kanta.

Kafin nan bari ka san irin jinin da ke jikinta. A ƙasarmu ana auna kare da abin da zai iya kamawa ko korewa. Maharbin Bodinga yana son dogo mai gudu wanda zai cim ma zomo, makiyayin Shagari yana son mai murya wanda zai tashe shi in wani abu ya kusanci garke. Ka kai musu Smoky, dariya za su yi maka har su riƙe ciki. Amma irinta, wanda ake kira teriyar Yokshaya, da aiki aka san shi tun asali. A tsakiyar ƙarni na 19 ma'aikata daga Sikotilan suka gangaro arewacin Ingila neman aiki a masaƙu, suka zo da ƙananan karnukansu, aka yi ta haɗa iri har aka samu wannan. Aikinsa kashe ɓeraye a masaƙa da ramukan haƙar kwal. Daga baya ne matan masu kuɗi suka mayar da shi abin ado, suna taje masa gashi suna ɗaura masa ƙyalle. Gashin ya yi tsawo ya yi sheƙi, hali kuwa yana nan yadda yake.

Halin nan shi ke wahalar da mutane har yau. Teriya ba ya sanin ƙanƙantarsa. Zai tsaya gaban karen da ya ninka shi goma yana haushi. Yana tona ƙasa, yana cusa kai duk inda ya ga rami, ganye ya motsa sai ya yi ƙara, kuma in ya ga dama ka kira shi har muryarka ta dishe bai waiwayo ba. A Ingila akwai gidajen da ke karɓar karnukan da aka yasar don a nema musu sabon mai riƙo, irin na Battersea da aka kafa a Landan tun 1860, kuma mutum kan je irin wuraren nan ya zaɓi ƙarami da tunanin ya samu mai sauƙin sha'ani, sai ya kai gida ya ga ya ɗauko wa kansa ƙiriniya. Amma in teriya ya ba mutum ɗaya zuciyarsa, ya ba shi ke nan. Smoky ta ba Wynne tata.

Wynne yana cikin rundunar ɗaukar hoto ta sama ta 26, a ƙarƙashin rundunar sojan sama ta 5. Smoky ba ta cikin rajistar karnukan soja, don haka ba ta da rabon abinci, ba ta da likitan dabbobi. Abincin gwangwanin da ake ba Wynne suke rabawa. A tantinsa take kwana, a kan wani ƙyallen da aka yanko daga shimfiɗar teburin karta. In za a yi mata wanka, hular kwanonsa ce bahonta. Ta shiga jirgi sau 12 a ayyukan leƙen asiri da ceto, tana rataye cikin jaka kusa da bindigogi. Hare-haren sama wajen 150 suka wuce ta kanta a Niu Gini. Wani hoto da Wynne ya ɗauke ta zaune cikin hular kwano ya sa mujallar sojoji ta Yank ta zaɓe ta zakarar dabbobin sojoji na yankin a 1944.

Labarin wannan nasara a gadon asibiti ya sami Wynne, zazzaɓin dengi da sauro ke yaɗawa ya kwantar da shi. Abokansa suka kawo masa mujallar tare da karyar. Nas-nas suka gan ta, suka roƙi a bar su su zaga da ita wurin sojojin da aka kawo da raunuka. Shugaban asibitin, Dakta Charles Mayo na gidan likitocin nan masu asibitin Mayo a Amurka, ya yarda. Da rana tana bin gadaje, da dare tana kwana a gadon maigidanta. Na san mai karatu zai ɗan yamutsa fuska a nan. Mu a wajenmu kare na waje ne, na gona da garke da farauta, ba na gado ba, kuma ban zo in sauya wa kowa wannan ba. Sai dai samarin da ke kwance da raunuka, an ga sun yi murmushi. Shi ya sa masu tarihin jinya da dabbobi ke sa sunanta a sahun farko.

Yanzu ga inda labarin ya yi tsauri. A watan Janairun 1945, watan da sojojin Afirka ta Yamma suka karɓe Myohaung a Bama, Amurkawa suka sauka a gaɓar Lingayen da ke tsibirin Luzon a ƙasar Filifin. A hanya jiragen Japan sun kai wa ayarinsu hari, Wynne da Smoky suna ciki. Wynne ya ba da labarin cewa karyar ce ta sa ya duƙa a daidai lokacin da wuta ta sami mutum takwas da ke tsaye kusa da shi. Da suka sauka aka kafa filin jirgi, sai aka ci karo da matsala. Ana buƙatar a ja wayar sadarwa ta tsallaka hanyar da jirage ke bi zuwa titin tashi. In za a haƙa a binne ta, aikin kwana uku ne, mutum wajen 250 za su shiga hidimar, jirage kusan 40 sai an kwashe su daga inda suke, duk a fili, maƙiyi suna shawagi a sama.

Akwai wata hanya ɗaya. A ƙarƙashin titin akwai kwalbati, tsawonsa mita 21, faɗin bakinsa santimita 20. An haɗa shi gaɓa-gaɓa, kuma a kowace mahaɗa ƙasa ta zubo ta taru, har a wasu wuraren abin da ya rage bai wuce santimita 10 ba. Wani saje na sashen sadarwa, Bob Gapp, ya dubi ramin, ya dubi karyar Wynne. Ka gane abin da ya zo masa a rai.

To, mai karatu, kai ne Wynne. Wannan 'yar halitta kusan shekara guda ke nan kuna ci tare kuna kwana tare, ita ce ta ɗebe maka kewar gida. Ana so ka tura ta cikin duhun da ba ka ganin ƙarshensa. In ta maƙale a tsakiya, hannunka ba zai kai ba. In ka ƙi, mutane za su fita fili kwana uku. Za ka ce a'a, ko za ka ce to? Ni dai ban ga laifin wanda zai yi jim ba.

Wynne ya ɗaura kirtani a abin wuyanta, ɗaya bakin kirtanin kuma za a ja waya da shi. Ya bar ta a hannun Gapp, ya zaga ɗaya gefen titin, ya kwanta ya sa baki a bututun ya kira ta. Ta ɗan shiga, ta ja da baya. Ya sake kira, wannan karon da kakkausar murya. Ta shiga. Ba ta yi nisa ba kirtanin ya sarƙe, ta tsaya ta waiwaya. Gapp ya yi ta girgiza shi har ya saki. Daga nan ƙura ta tashi saboda jan cikin da take yi, Wynne ya daina ganin komai. Ya ci gaba da kira yana roƙo, bai san ko tana tahowa ba ko numfashi ya ƙare mata. Can sai ga wasu 'yan idanu biyu suna ƙyalli a cikin ƙurar, ga ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Da ta hango haske sai ta saki gudu, ta faɗo hannunsa da kirtanin a wuya. Aikin kwana uku ya ƙare cikin 'yan mintuna.

Mutane suna cewa jarunta ce, kuma ban musa ba. Amma ita ba ta san Japan ba, ba ta san waya ba. Jikanyar masu bin ɓera cikin rami ce, an nuna mata rami, kuma muryar mutum ɗaya da ta yarda da shi tana ɗaya bakin. Cusa kan nan da ke sa wasu su gaji da teriya su mayar da shi gidan ajiya, shi ya yi aiki ranar.

Yaƙi ya ƙare, aka ce soja ba zai koma gida da dabba ba. Wynne ya samu jakar abin shaƙar iska ta matuƙan jirgi, ya gyara ta, ya ɓoye karyarsa a ciki ya hau jirgin ruwa. A ranar 7 ga Disamba 1945 jaridar Cleveland Press ta buga labarinsu. Daga nan sai asibitocin tsofaffin sojoji da gidajen wasa. Ya koya mata tafiya a kan igiya idanunta a ɗaure, da zaɓo haruffan sunanta. Ta fito kai tsaye a talabijin na Cleveland sau 42 ba ta maimaita wasa ɗaya ba.

Ta mutu ranar 21 ga Fabrairu 1957, tana da shekara kamar 14. Wynne da iyalinsa suka sa ta a akwatin harsashi na zamanin yaƙin, suka binne ta a gandun shaƙatawa na Rocky River. A wurin ne aka kafa mata mutum-mutumin tagulla ranar 11 ga Nuwamba 2005, tana zaune cikin hular kwano. Shi Wynne ya rubuta littafi a kanta a 1996, ya rayu har 2021, ya rasu yana da shekara 99.

Saura tambayar da na ce ka riƙe. Bayan jarida ta buga labarin mutuwar Smoky, aka bugo waya gidan Wynne. Wata mata ce, tsohuwar nas ta soja. Ta ce ta yi aiki a Niu Gini lokacin yaƙi, kuma saurayinta, wanda daga baya ya zama mijinta, ya taɓa saya mata 'yar teriyar Yokshaya a birnin Brisbane na Ostareliya a ƙarshen 1943. Kyautar Kirsimati ce, don haka ta sa mata suna Kirsimati. Ba a jima ba, a farkon 1944, karyar ta ɓace mata. Teriyar Yokshaya nawa ce za ta kasance a dajin Niu Gini a watannin nan? Wynne ya haɗa lokaci da wuri da kamanni, ya tuna kuma yadda Smoky kan yi zumbur duk sa'ad da aka ambaci Kirsimati a gabanta, ya gamsu cewa ita ce.

Matar kuwa ba daga wata uwa duniya ta kira ba. A Cleveland take zaune, garin da karyar ke fitowa a talabijin. Da a ce wayar nan ta zo shekara biyar kafin haka, Smoky na da rai tana kwance a gabanka, matar ta ce tata ce kuma tana da hujja, kai kuma fam biyu ka biya ɗan caca, mai karatu, za ka mayar mata?