Shaihu Umar: Fim ɗin da ya ɓace shekara arba'in, ya dawo da gardama

Daga Wakilinmu na Arewa, Jajimaji

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu, dattawan cikinku za su tuna da bikin FESTAC na 1977, lokacin da aka nuna fim ɗin Shaihu Umar a Ikko. Malam Adamu Halilu ne ya shirya shi cikin 1976, daga littafin marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Malam Umaru Ladan shi ya fito a Shaihun.

Bayan bikin sai fim ya yi ɓatan dabo. Sai cikin 2016 aka tsinci faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin cikin Fabrairun 2018. Watau sai da Turawa suka kalla kana 'ya'yanmu suka ji labarinsa. Abin kunya dai.

Labarin sananne ne ga duk wanda ya yi firamare a Arewa. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya ƙetare Sahara da shi, ya sa shi makaranta har ya zama babban malami. Uwarsa kuwa ta bazama nemansa, aka yaudare ta, ta ƙare cikin bauta a Murzuk. Sun sadu daga baya, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta cika.

To, a nan ne masu sharhi suka rabu. Wasu na ganin an yi wa bauta sassauci, tunda ubangidan Umar mutumin kirki ne, shi kuma yaron ta sanadin sayar da shi ya sami ilmi da ɗaukaka. In haka ne, in ji su, ina laifin mai sayen baƙar fata? Wasu kuma suka ce a'a, a dubi uwar. Ni ina tare da na biyun. Wanda ya ga yadda matar nan ta bar gida da 'yancinta, ta koma kayan ciniki daga wannan hannu zuwa wancan don kawai ta sa ɗanta a ido, ba zai tashi yana yabon fataken bayi ba. Kirkin Abdulkarim bai mayar wa Umar da uwa ba.

Aibun da ba na musu shi ne tsawo. Minti 142 ne, kuma tafiyarsa ta ayarin raƙuma ce. Yaran yau da suka saba da Kannywood sai sun yi haƙuri.

Mu a nan ƙasar Barno ta da, tsakanin Nguru da Gashuwa, maganar ba tatsuniya ba ce. Hanyar ayari daga Kukawa ta Bilma take bi zuwa Murzuk da Tarabulus, kuma bayi na cikin manyan kayanta. Wata uku kafin a nuna fim ɗin a Balin, cikin Nuwamban 2017, gidan talabijin na CNN ya nuna ana gwanjon baƙaƙen fata 'yan ci-rani a Libiya, kuma cikin waɗanda aka kwaso daga can bayan haka har da 'yan Nijeriya masu yawa.