Tab mai araha: abin da kwali ba ya faɗa wa mai saye

A shagunan waya na Farm Centre a Kano, ko a shafukan saye da sayarwa na intanet, ba a rasa kwamfutar hannu, wadda matasa ke kira tab, da aka cika kwalinta da alƙaluma masu ɗaukar ido: RAM 16GB, ma'adana 1TB, sabon Android, ga kyautar alƙalami da riga, duka a farashin da bai kai na matsakaiciyar waya ba. Sunan kamfanin kuwa ba wanda ya taɓa jin sa. Irinta ake saya wa ƙanne su kalli katun, ko ɗalibi ya riƙa karanta takardun makaranta. Kafin a ankara an sa mata asusun Google, an sa WhatsApp, wani lokacin har da manhajar banki.

Masu saye sun fi damuwa da girman sikirin da ƙarfin batir. Amma abin da ya fi raba tab ta ƙwarai da ta banza shi ne manhajar da ta zo da ita daga masana'anta, da kuma ko akwai wanda zai ci gaba da kula da wannan manhajar bayan an biya kuɗi.

A 2023 kamfanin tsaron intanet na Human Security da ke Amurka ya bankaɗo wani shiri da ya laƙaba wa suna BADBOX. An gano na'urorin Android masu araha, galibi akwatunan talabijin da kwamfutocin hannu marasa suna, waɗanda aka dasa wa muguwar manhaja tun kafin su shiga kwali. Mai saye bai danna komai ba, bai sauke komai ba. Yana haɗa na'urar da intanet, sai ta fara karɓar umarni daga waje: tana danna tallace-tallace a ɓoye domin wasu su sami kuɗi, tana kuma ba wa 'yan damfara damar bi ta layin intanet ɗin gidan su yi ta'asarsu, ta yadda in an bi sawu, gidan mai na'urar za a tarar. A Disambar 2024 hukumar tsaron bayanai ta Jamus ta katse irin waɗannan na'urori kusan 30,000 daga masu sarrafa su. A Maris ɗin 2025 aka bayyana zagaye na biyu, BADBOX 2.0, wanda ya kama na'urori sama da miliyan 1. Hukumar FBI ta yi gargaɗi a kansa a watan Yuni, a watan Yuli kuma Google ya shigar da ƙara a kotu a Amurka, yana cewa adadin ya haura miliyan 10.

Abin bai tsaya a ƙasashen Turawa ba. A 2020 wani rahoto na Secure-D ya nuna an samu muguwar manhajar Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 da aka sayar a ƙasashe irin su Gana, Kamaru, Habasha da Masar, tana cinye wa mutane data tana yi musu rajistar abubuwan biya ba da saninsu ba. Kamfanin Transsion, mai Tecno, ya ɗora laifin kan wani mai samar masa da kaya, ya kuma fitar da gyara. Wannan kamfani ne mai suna da ofis, wanda za a iya tuhuma. Tab ɗin da ba ta da kamfani a bayanta, wa zai gyara ta? Kuma goge na'ura a mayar da ita yadda ta fito daga kwali ba ya maganin wannan cutar, domin ai da ita ta fito.

Gwajin farko ba ya ɗaukar minti biyu, kuma a gaban mai shago ya kamata a yi shi. A buɗe Play Store, a taɓa hoton asusu, a shiga Settings, sannan About. A can ƙasa akwai wurin da ke nuna ko Play Protect ya tantance na'urar. Google ya ce na'urorin BADBOX ba sa cikin waɗanda ya tantance. Idan aka ga babu tantancewa, ko mai shago ya ce sai an kashe Play Protect kafin wasu manhajoji su yi aiki, a ajiye masa kayarsa.

Gwaji na biyu shi ne ranar sabunta tsaro ta ƙarshe, wadda ke cikin Settings a sashen bayanin na'ura. Sabuwar tab a leda da ke nuna kwanan watan shekara uku da suka wuce ta riga ta tsufa. A nan manyan kamfanoni suka yi wa ƙanana nisa: Samsung ya yi wa jerin Galaxy Tab S10 alƙawarin sabuntawa na shekara 7, Apple kuma ya saba riƙe iPad na shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ma, tun daga 20 ga Yunin 2025, ta wajabta sabunta manhajar wayoyi da tab na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Shi ya sa tab ta hannu ta sanannen kamfani, wadda shekararta biyu da fitowa, sau da yawa ta fi sabuwa fil marar asali. Sai dai ta hannu tana da nata tarkon. iPad ɗin da ke ɗaure da asusun Apple na tsohon mai ita ba za ta buɗu ba bayan an goge ta, haka ma Android da ke riƙe da tsohon asusun Google. A sa mai sayarwa ya goge ta a nan take, a shigar da sabon asusu, sannan a miƙa kuɗi.

Batun alƙaluman kwali kuwa, akwai wayo a ciki. Idan aka rubuta RAM 12GB, a duba ƙananan rubutu, ƙila 4+8 ne: huɗu na gaskiya, takwas kuma aro ne daga ma'adana, wadda ba ta kusa da RAM a sauri ba. Manyan kamfanoni ma suna da wannan dabarar, Samsung na kiran tasa RAM Plus, tana ɗan taimakawa wajen riƙe manhajoji a buɗe, amma ba ta mayar da jaki doki. Manhajoji irin su CPU-Z da AIDA64 na nuna abin da ke ciki, ko da yake wasu masu jabu sun iya yi wa su ma ƙarya. Hanyar da ba ta yaudaruwa ita ce a tura manyan bidiyoyi da yawa a ga ko duka za su buɗu.

Wanda ya riga ya mallaki tab mai nauyin jiki, ba manhajar "share datti" ce za ta cece shi ba. Yawancinsu talla suke ƙarawa, su kuma cinye batir. Abin da ke aiki ya fi haka sauƙi: a bar sarari a ma'adana, don tab ɗin da ta cika maƙil ita ce ke tsayawa cak, a share bidiyoyin da rukunonin WhatsApp ke jibgewa, a koma Facebook Lite. Akwai kuma tsohuwar dabarar taɓa Build number sau bakwai don buɗe Developer options, a rage ma'aunin motsin sikirin guda uku zuwa 0.5x. Injin bai ƙara ƙarfi ba, amma hannu zai ji bambanci. Zafi ma na rage gudu. Apple na cewa a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu Kano da Sakkwato kan haura 40. Caji da kallon fim lokaci guda, a kan katifa, cikin riga mai kauri, hanya ce ta kumbura batir.

Wajen yi wa tab kwalliya ne matasa suka fi buɗe ƙofa da hannunsu. Canza hoton bango, jera agogo da kalanda a fuska, ko ƙara Hausa a Gboard don samun ƙ, ɗ da ɓ, duk ba su da illa. Hatsarin yana cikin fayilolin APK da ake turawa a Telegram: GBWhatsApp, wasannin da aka ce an buɗe komai kyauta, Netflix na banza. Wanda ya sauya manhajar ya cire mata kuɗi zai iya ƙara mata wani abu. Duk wadda ta nemi izinin Accessibility ko karanta saƙonnin tes ba tare da dalili ba, tana iya ganin lambar da banki ke turowa.

Tab kuma, ba kamar waya ba, kayan gida ce, hannu goma ke taɓa ta. Yawancin masu Android suna ba da damar buɗe wa kowa sashensa, don haka yara su sami nasu a ƙarƙashin Family Link, inda za a ƙayyade lokaci da abin da za su sauke. A iPad, Guided Access na kulle yaro cikin manhaja ɗaya har sai an sa lambar sirri. Manhajar banki kuwa ta zauna a wayar da ke aljihu.