Wutar Girki Daga Masai: Labarin Gidajen Yarin Ruwanda

Shirin namu na yau zai leƙa ƙasar Ruwanda. Mai cin abinci ya yi mana afuwa, domin zancen daga masai zai faro.

Bayan kisan kiyashin 1994, gidajen yarin ƙasar sun cika maƙil, har waɗanda ke tsare suka haura 100,000. Sai masai suka riƙa ambaliya. A kurkukun Cyangugu da ke kusa da tafkin Kivu, ƙazanta da wari sun addabi maƙwabta. Ga kuma girki: dafa wa dubban mutane wake da masara kullum, itace mota-mota ake ƙonawa, a ƙasar da daji bai wadace ta ba.

A 2001 injiniyoyin Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Kigali, wato KIST, suka haɗa matsalolin biyu wuri guda. Suka gina manyan ɗakuna na bulo a ƙarƙashin ƙasa a kurkukun na Cyangugu, kamar an kife tukunya, suka toshe duk wata kafar iska, sannan suka karkatar da bahayar fursunoni zuwa ciki.

To, me ke faruwa a cikin duhun nan? Ƙananan halittu ne, dangin waɗanda ke cikin tumbin saniya, suke aikinsu. Wasu su narkar da ƙazantar, wasu su mayar da ita ruwa mai tsami, na ƙarshe kuma su fitar da iskar methane. Iskar shaƙa ma kashe su take yi. Ɗumi suke so. Sanyi kan rage musu kuzari, yawan sabulu da maganin wanke masai kuwa ajalinsu ne. Fiye da rabin gas ɗin da ke taruwa methane ce, ita ce bututu ke kaiwa madafa, ta kama da harshen wuta shuɗi, babu hayaƙi.

Itacen da ake ƙonawa ya ragu da kusan rabi. Ragowar da ke fita daga ramin, bayan ta ƙara ruɓewa, ta zama taki a lambunan gidan yarin. Wasu fursunonin ma a wajen ginin suka koyi aikin magina.

A 2005 aikin ya ci kyautar Ashden a birnin Landan, lokacin tuni wasu gidajen yarin ƙasar suka samu nasu ramukan.