Majigi Ya Koma Cikin Kwamfuta

Dattawa suna tune da zamanin da motar majigi ke zaga ƙauyuka. Yau kuwa malamin makaranta a Kakau, kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, yana iya nuna wa yara sinima da kwamfuta. Amma sau da yawa hoton yakan cije, murya ta wuce shi. Dalili kuwa, hoto mai layi 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan 2, ya fi ƙarfin tsohuwar na'ura.

To, muna gargaɗin malamai kada su ci bashi don sayen sabuwa. Su nemi mai layi 720, wanda ɗigonsa bai kai rabin na wancan ba. Sa'an nan su buɗe shi da VLC, watau manhajar da ɗalibai suka soma a Faransa cikin 1996. Kyauta ake samunta.