Me Ya Sa 'Yan Fansho Ke Son Gwanjo?

'Yan uwana ɗalibai, ma'aikacin gwamnati yakan yi ritaya idan ya kai shekara 60, ko ya yi shekara 35 yana aiki. Daga nan albashi ya tsaya, sai fansho. Fansho bai kai albashi ba, ga kuma jikoki cike da gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, komai ya yi tsada.

Shi ya sa dattijo a Gumel, Gagarawa ko Sule Tankarkar yakan koma noma da kiwo. Ranar Alhamis sai ya tafi kasuwar Maigatari da ke bakin iyakar Nijar. Idan ya sayar da akuyarsa, yakan leƙa wurin 'yan gwanjo.

Gwanjo tufafi ne da aka taɓa sawa a ƙasashe irin su Amurka da Ingila. Ana shigowa da su dila-dila, 'yan kasuwa su saro a Ƙofar Wambai ta Kano.

Ɗan fansho ba ya sauri. Zai tsuguna ya ɗaga riga a rana ko akwai huji, ya ja ɗinkin, ya gwada zif, sannan ya taya. A gida a wanke ta tas, a shanya, a goge.

Saboda haka idan hunturu ya zo, ka ga ɗan ajinku da rigar sanyin gwanjo, kada ka yi masa dariya. Wataƙila canjin da ya rage ne ya saya masa littafi da biro.