Ɗanki Yana Kwaleji, Amma Ya Iya Rubutun Da Za A Yi Aiki Da Shi?

Uwargida, idan ɗanki ko 'yarki suka dawo hutu daga kwaleji, tambayar da aka saba yi ita ce yaya jarrabawa, kuma nawa ne kuɗin zango mai zuwa. Ina so wannan karon ki ƙara guda ɗaya. Ki ba shi takarda da biro, ki ce ya rubuta miki layi biyar yana sanar da shugabansa na wurin aiki cewa injin ban-ruwa ya lalace. Idan ya gama ya karanta miki. Ko ba ki yi boko ba, kunnenki zai gaya miki ko mai karɓar saƙon zai san wane inji ne, yaushe ya tsaya, da abin da ake so ya yi.

Yaranmu na Rano da Kibiya da Bunkure yanzu ba sa rasa wurin karatu kusa da gida. A cikin Rano akwai makarantar fasahar karkara da koyon sana'o'i ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, akwai makarantar koyon aikin lafiya a Bebeji, ta jinya a Madobi, ga jami'ar Wudil. Duk wanda ya fito daga ɗaya daga cikinsu, aikin da zai samu yana tafe da takarda: rahoto, fom, rasit, wasiƙar neman izini, saƙon waya zuwa ga oga. Shaidar kammala karatu sau ɗaya ake dubawa, ranar ɗaukar aiki. Rubutun hannunsa kuwa kullum ne.

Bari in yi miki misali da aikina na jinya, don a nan ne na fi sanin tsadar abin.

A ce mace mai ciki wata tara ta fara jijjiga da dare a wani ƙauye, can wajen Tarai ko Ruwan Bago. Aka kai ta ƙaramin asibiti, ma'aikacin lafiya ya auna jininta, ya yi mata allurar magniziyam salfet, wadda ita ce maganin tsayar da jijjigar masu ciki, sannan ya ce a wuce da ita Babban Asibitin Rano. Shi ba zai bi motar ba. Abin da zai yi magana a madadinsa shi ne 'yar takardar da ya danƙa wa mijin. Idan takardar ta ce kawai "a taimaka a duba mara lafiya," nas ɗin da ta karɓe ta tana cikin duhu. An yi allurar ko ba a yi ba? Nawa aka ba ta? Ƙarfe nawa? Wannan magani, a tsarin da ake yi a tsoka, bayan kashin farko kowane awa huɗu ake maimaita shi, kuma idan ya yi yawa a jiki yana iya danne numfashi. In aka sake ba ta kashin farko saboda ba a san an riga an yi ba, hatsari ne. In aka jinkirta saboda shakka, jijjigar na iya dawowa. Mijin da ke tsaye yana rawar jiki, abin da zai iya cewa bai wuce "an dai yi mata allura biyu" ba.

Layi shida ne ke raba waɗannan hanyoyi: sunanta da shekarunta, watannin cikin, awon jinin da lokacin da aka auna, sunan maganin da adadinsa da lokacin da aka yi, dalilin turowa, sai sunan mai turowa da lambar wayarsa. Babu Turanci mai wuya a ciki. Yaron da ya ci darasin Ingilishi da maki mai kyau yana iya kasa rubuta su, wanda ya sha da ƙyar kuma ya rubuta daidai, idan an taɓa zaunar da shi an nuna masa.

Har ɗigo ɗaya yana da nauyi a wurinmu. Idan aka rubuta 1.0 ɗigon bai fito ba, sai a karanta 10. Idan aka rubuta .5 ba tare da sifili a gaba ba, sai a karanta 5. Ninki goma ke nan na magani a jikin jariri. Shi ya sa tun 2004 hukumar da ke tantance asibitocin Amurka ta sa waɗannan biyu cikin jerin rubutun da ta hana likitoci da nas-nas yi. A can ne kuma asibitocin Kaiser Permanente suka aro wani tsari daga sojojin ruwa, wanda ake kira SBAR, don miƙa bayanin mara lafiya: halin da ake ciki yanzu, abin da ya gabata, abin da mai magana yake gani shi ne matsalar, da abin da yake so a yi. A ganina wannan jeri bai tsaya a asibiti ba. Malamin gona da ke kai rahoton tsutsa a gonar tumatir, da akawun da kuɗi suka ƙi daidaita a hannunsa, duk da shi za su fita kunya.

To me ya sa yaran ba su iya ba, alhali ana koyar da Ingilishi? Ana koyarwa. Manhajar hukumar NBTE, mai kula da kwalejojin fasaha daga Kaduna, ta tanadi darussan amfani da Ingilishi da na sadarwa ga ɗaliban difloma, kuma tun a jarrabawar WAEC ake tambayar wasiƙar ofis. Matsalar ita ce yadda abin ke kasancewa a aji. Ɗalibi ya haddace sassan wasiƙa, adireshi a dama, adireshi a hagu, gaisuwa, kanu, ya zuba su ranar jarrabawa. Malami ɗaya da ɗalibai cike da ɗaki ba zai iya bin rubutun kowa da jan biro ya ce a sake ba, kuma ba na ganin laifinsa shi kaɗai. Sai dai rubutu kamar tuƙin tuwo yake, ba a koyonsa da kallo. Sai ka yi, ya yi gudaji, an nuna maka, ka sake.

Inda ya kamata a cike giɓin shi ne lokacin SIWES, shirin da asusun ITF ya kafa a 1973 don ɗalibai su je wuraren aiki su ga zahiri. Kowane ɗalibi ana ba shi littafin da zai rubuta abin da ya yi kullum, mai kula da shi ya sa hannu. Wannan littafi makaranta ce guda. Amma ki tambayi duk wanda ya yi, zai gaya miki yadda da yawa ke cike shafukan wata huɗu a dare biyu, ana kwafar na aboki. Don haka idan naki yana wannan zango, ki ce ya nuna miki littafin duk Juma'a. Ki sa ya fassara miki abin da ya rubuta ranar Talata. In kika ji "na lura da yadda ake aiki" kwana biyar a jere, ki tambaye shi wane aiki, da wane kayan aiki, me ya faru da aka gama.

Ga malamai kuma, in akwai masu karantawa, roƙona kaɗan ne. A kawo ainihin fom ɗin da ake amfani da shi a wurin aiki cikin aji, a ba da labarin wani lamari, kowa ya cike. Sannan a yi musanyen takardu, wanda ya karɓa ya faɗi abin da zai aikata bisa abin da ya karanta kawai, marubucin kuma ya yi shiru, ba ya da damar cewa "ai nufina." Minti goma sha biyar ya isa, kuma ba sai malami ya kwashi takardu ɗari biyu zuwa gida ba.

A gida ma akwai aikin rubutu da yawa da muke bari a ka. Ki ba 'yarki littafin adashinku ta riƙe: wa ta zuba, ranar nawa, wa ta kwasa. In ana shirin biki, ɗanki ya rubuta abin da aka yanke a zaman dangi, wa zai kawo me, zuwa yaushe, ya karanta wa kowa kafin a tashi. Wannan shi ne rubuta bayanin taro da ake biyan sakatare albashi a kansa. Littafin bashin shago, wasiƙa zuwa ga mai unguwa kan rijiyar burtsatse da ta lalace, duk horo ne. Da Hausa ma ya yi, don wanda ya iya jera magana da harshensa, juya ta zuwa Turanci ba ya ba shi wuya sosai. Kakanninmu fatake da ajami suka riƙe lissafinsu, kuma bai hana su sanin wa ke bin wa ba.

Na san za ki ce ai yanzu waya na rubuta musu komai. Gaskiya ne, ChatGPT zai tsara wasiƙar neman aiki mai santsi cikin daƙiƙa kaɗan, kamar yadda masu shagon kwamfuta suka daɗe suna buga wa kowa CV iri ɗaya, suna kawai ake canzawa. Amma wayar ba ta san ƙarfe nawa aka yi allurar ba, ba ta san buhu nawa aka sauke daga mota ba. In yaron bai san cewa waɗannan ne ake nema ba, abin da zai fito dogon Turanci ne babu kome a ciki, kuma mai ɗaukar aiki da ya karanta irinsa talatin a yini yana gane shi tun daga layin farko.

Wasu ƙananan abubuwa da za ki iya dubawa a wayarsa yau: adireshin imel ɗinsa sunansa ne ko laƙabin da abokai ke kiransa? In zai tura wa malami ko oga saƙo a WhatsApp, yana faɗin ko shi wane ne da abin da yake so a saƙon farko, ko sallama kawai yake yi ya zauna jiran amsa? Kwanan wata kuma ya riƙa rubuta sunan watan, 3 ga Afrilu, domin 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a wasu wayoyi da kwamfutoci masu tsarin Amurka kuwa huɗu ga Maris.