Ekuter da ake zubawa daidai kunnen mai shi: mene ne bambancinsa da na kasuwa?

Duk mai kallon bidiyon manyan wasannin mawaƙa a wayar salula ya taɓa lura da shi: mawaƙi na tsaye a kan dandamali, wani ɗan abu ya cika masa kunne, siririyar waya ta zagaya bayan kunnen ta shige cikin riga. Wasu na ɗauka ado ne, wasu kuma na cewa ta nan ake raɗa masa baitin da ya manta. Alhali ta nan yake jin muryarsa da kiɗan abokan wasansa. Mafi daraja daga cikin irin waɗannan ekuter ba a samun su a kan teburin mai sayar da caja da batir. Sai an ɗauki siffar kunnen mutum an zuba masa nasa shi kaɗai, kamar yadda baduku ke auna ƙafa kafin ya yanka fata. In wani ya ara, ba zai ma shiga kunnensa ba.

Matsalar da ta haifar da shi, duk mai aikin sauti a gidajen biki na Diffa ko Maine Soroa ya san ta. Manyan lasifikoki jama'a suke fuskanta, mawaƙi kuwa yana bayansu. Abin da ke iso masa shi ne amsa-kuwwar da katanga ta maido. Sauti na cin kusan mita 340 a daƙiƙa guda, don haka in katangar na da nisan mita 30, muryar za ta dawo masa bayan kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma wannan ɗan jinkirin ya isa ya raba shi da kiɗa. Maganin da aka saba da shi shi ne a ajiye masa wata lasifika a gabansa tana kallonsa, wadda ma'aikatan sauti ke ce wa retur. To amma mai ganga zai ce a ƙara masa tasa, mai jita ya ce ba ya ji, mai waƙa ya ce an danne shi. Haka za a yi ta ƙari har makirfo ya fara wannan kukan mai tsaga kunne. Kayan kiɗa masu sanyin murya su suka fi shan wuya. A tuna da biram, garayar masuntan Buduma na tafkin Chadi mai tsirkiya biyar, wadda marigayi Malam Mamane Barka ya koya a wajen Boukar Tar ya kuma zagaya duniya da ita kafin rasuwarsa a 2018. Irin wannan amo, in aka jera shi da ganguna a babban fili, mai kaɗa shi ne farkon wanda zai daina jin sa.

A Amurka aka fara neman mafita tun shekarun 1980, inda wani ma'aikacin sauti mai suna Marty Garcia ya riƙa yi wa mawaƙa ekuter na zubi. A 1995 kuma Jerry Harvey, wanda ke kula da sautin ƙungiyar Van Halen, ya ƙera wa makaɗin gangarsu Alex Van Halen nasa mai ƴan lasifikoki biyu a kowane kunne. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali, wanda Logitech ya saye a 2008. Sai dai su ma aro suka yi: dabarar ɗaukar siffar kunne da ƴan ƙananan lasifikokin da ke ciki duk sun fito ne daga masu ƙera na'urar taimaka wa masu ƙarancin ji.

Yadda ake ɗaukar siffar kunne

Ramin kunnen baligi kusan santimita 2 da rabi ne, kuma ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa biyu. Ɓangarensa na waje guringuntsi ne, na ciki kuwa ƙashi ne da fata siririya ta lulluɓe, a ƙarshensa dodon kunne yake. Babu mutum biyu masu rami iri ɗaya, kai ko kunnen dama da na hagu na mutum guda ba su cika yin daidai ba.

Ƙwararren ma'aikacin ji zai fara leƙa ramin da fitilarsa. In akwai dauɗa sai an fitar, in akwai ciwo ko ruwa sai an warke. Sannan ya tura ɗan soso ko auduga mai zare har ya wuce lanƙwasa ta biyu, domin ya tare hanya. Bayan haka ya ɗura silikon mai laushi da sirinji, ya cika ramin da kwarin kunnen na waje. Cikin ƴan mintoci sai ya daskare, a zaro shi a hankali. Ga mawaƙa, yawanci akan sa su ciji wani ɗan abu, bakinsu ya zauna a buɗe har silikon ya kama. Dalili kuwa, mahaɗar muƙamuƙi tana jingine da ramin kunne. Mai karatu na iya sa ɗan yatsa a bakin kunnensa ya buɗe baki, zai ji ramin na motsi. Wanda aka ɗauki siffarsa baki a rufe, da zarar ya ɗaga murya sai ekuter ɗin ya saki.

Wannan siffar ce ake aika wa kamfani. A yau galibi na'ura ce ke karanta ta ta mayar cikin kwamfuta, a gyara gefe-gefenta, sannan injin ɗab'i ya fitar da ɓawon da roba mai tauri da ake kira akirilik. Wasu kamfanonin kuma silikon mai taushi suke amfani da shi.

Akwai kayan da ake tallatawa a intanet wai mutum ya ɗauki siffar kunnensa da kansa a gida. Wannan ganganci ne. In babu sosan nan mai tare hanya, ko kuwa dodon kunne ya riga ya huje, abin da ke yawan faruwa ga wanda ya yi fama da kunne mai zubar ruwa tun yana yaro, silikon na iya zarcewa ciki ya daskare inda sai tiyata za ta fitar da shi.

Daɗin sauti daga liƙewa yake farawa

Masu talla sun fi son a yi zancen yawan lasifikokin da ke ciki, amma abu na farko shi ne ko ekuter ya toshe ramin sarai. Amo mai kauri, irin na babbar ganga ko jitar bas, yana buƙatar iskar da ke tsakanin ekuter da dodon kunne ta kasance a kulle. In aka samu ƴar kafa ko da kamar ta allura ce, kaurin ya zurare, sai a bar mutum da sauti siriri kamar na tsohuwar rediyo. Shi ya sa ekuter na jika biyu da ya zauna daram a kunne kan fi na jika ɗari da ke lilo daɗin ji. Na zubi kuwa, in an yi shi da kyau, kullum a wuri ɗaya yake zama, sautin yau shi ne na gobe, kuma kamfanoni na cewa yana rage hayaniyar waje da kimanin desibel 25 ko 26.

Ƴan lasifikokin da ke ciki iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai fatar ganga da maganaɗisu, irin na lasifikar da kowa ya sani amma ƙarama, wadda ta fi iya kauri. Akwai kuma mai ɗan harshen ƙarfe da ke rawa tsakanin maganaɗisu biyu, wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa da yawa ba. Kamfanin Knowles na Amurka na ƙera irinta tun shekarun 1950 saboda na'urar ji, Sonion na Danmak ma na ƙera irinta. Saboda ƙanƙantarta ana iya jera da yawa a ɓawo guda, a raba musu aiki: wasu kauri, wasu tsakiyar murya, wasu siririn amo. Kamfanin 64 Audio na da samfurin da ke ɗauke da guda 18 a kowane kunne. Amma yawan makaɗa ba shi ne daɗin kiɗa ba. Uku da aka daidaita da kyau sun fi goma da kowace ke jan nata, kuma ga mawaƙin da muryarsa kawai yake son ji da tsabta, biyu ko uku sun wadatar.

Wani abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne jin muryarsa na ruri a cikin kansa, kamar yana magana a cikin tulu. Girgizar muryar ce ke bi ta ƙashi ta shiga ramin da aka toshe. Idan bakin ekuter ya kai can kusa da ɓangaren ƙashi, abin na raguwa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa siffar da ba ta wuce lanƙwasa ta biyu ba asarar kuɗi ce.

Zafi da ƙura da gumi

An ƙera waɗannan kaya ne a ƙasashen da ba su san hunturun Manga ba. Ramukan da sauti ke fitowa ta cikinsu ƙanana ne ƙwarai, dauɗar kunne in ta haɗu da ƙura nan da nan take toshe su, sai mai shi ya ɗauka gefe guda ya mutu. Sai an riƙa goge su bayan kowane wasa, a sakace bakin da ɗan tsinken da ke zuwa tare da su, bakin yana kallon ƙasa don kada dattin ya faɗa ciki. Gumi na watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Diffa, yana cin ƴan ƙarafan ciki, don haka a ajiye su cikin akwatinsu tare da ƴar jakar nan mai shanye laima. Akirilik kuma in ya faɗi a kan siminti yana tsagewa. Wayar ita ce ta fi saurin lalacewa, saboda haka wanda wayarsa ke cirewa a sauya ta ya fi wanda aka liƙe. Kunne ma na sauyawa: wanda ya yi ƙiba ko ya rame sosai zai ga zaman ya canza.

Abin da ya fi sauti muhimmanci

A can cikin kunne, a wani sashe mai siffar katantanwa, akwai ƴan ƙwayoyi masu gashi kusan dubu 15 waɗanda ke mayar da girgiza ta zama ji. Wadda ƙara ta kashe ba ta sake tsirowa. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce baligi na iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba. A desibel 90 lokacin ya koma awa 4, a desibel 100 kuwa minti 20 kacal a mako. Wanda ke tsaye kusa da ganguna da lasifikokin biki yana iya cinye rabonsa na mako tun kafin a kawo amarya. Ƙugin da mutum ke ji a kunne bayan an tashi daga wasa, gargaɗi ne. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa matasa sama da biliyan guda a duniya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare.

Amfanin ekuter mai toshewa shi ne, tunda ya rage hayaniyar waje, mutum na iya jin abin da yake so ba tare da ya ƙure murya ba. Amma ba ya tilasta wa kowa ragewa. Wanda ya ƙure shi ya kai ƙarar har bakin dodon kunnensa. Mafi muni ita ce ɗabi'ar da ake gani ga mawaƙa da yawa ta cire gefe guda don su ji jama'a: kunnen da aka buɗe na shan hayaniyar fili, shi kuma ɗayan sai an ƙara masa murya kafin a ji shi, an cuci duka biyun ke nan. Masu aikin sauti da suka san aiki kan kafa makirfo guda yana fuskantar jama'a, su zuba kaɗan daga tafi da guɗa a cikin abin da mawaƙi ke ji.

Toshewar kuma tana da wurinta. A kan dandamali ko a ɗakin watsa shiri na gidan rediyo alheri ce. Ga mai tafiya a gefen hanyar RN1, ko makiyayin N'Guelbély da ke bin garke yana sauraron waƙoƙin da ya tara a katin waya, ko mai ban-ruwan tattasai a bakin Komadugu, a jihar da aka kafa wa dokar ta-ɓaci a watan Fabrairun 2015, jin abin da ke tahowa ta baya ya fi kowane kiɗa.

Kuɗi da nisa

Na zubi kan fara daga wajen dalar Amurka 400 ko 500, wato sama da jika 200 na sefa, wasu kuma na haura dalar Amurka 2000. Ban da kuɗin ɗaukar siffa da na aikawa, ban da na'urar da ke aiko sauti ba waya, irin ta Shure ko Sennheiser, wadda ake ratayawa a ƙugu. Kamfanoni da dama na ba da kusan wata guda a maido musu in zaman bai yi ba, su gyara kyauta, amma daga Diffa zuwa Yamai kaɗai sama da kilomita 1300 ne, balle kaya su je Amurka su dawo. Kuma ba a iya sayar da shi in an matsu, tunda ba zai shiga kunnen kowa ba sai an sake masa ɓawo.

Ma'aikatan da suka iya ɗaukar siffar kunne ana neman su ne a sassan ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, na manyan asibitoci, ko a cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna a Najeriya. Kuma a gaskiya mawaƙa ba su ne suka fi buƙatar hannunsu ba. Nijar na cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, cutar da kan bar wasu yaran da suka tsira da raunin ji. Yaron da aka sa wa na'urar ji yana buƙatar irin wannan zubin, kuma da yake kunnensa na girma, sai an riƙa sake masa sabo a kai a kai. In ya yi masa sako-sako na'urar ta dinga fito, sai ya cire ya ajiye.

Ga mawaƙi ko ma'aikacin rediyon da aljihunsa bai kai ba, akwai na gama-gari masu zagaya bayan kunne, waɗanda kamfanonin China irin su KZ ke fitarwa a kan ƴan jikkuna. Sirrinsu na ga ƴar robar bakin. A gwada ƙarama da matsakaiciya da babba, kowane kunne da tasa, domin sau da yawa girman ba ɗaya ba ne. Ta soso, wadda ake murzawa a tura ta kumbura a ciki, ta fi toshewa, sai dai tana saurin datti, sai an riƙa sauya ta. Gwajin ba shi da wuya: a sa duka biyun ba tare da an kunna komai ba, a murza yatsu biyu kusa da kunne. In ƙarar ta dushe an samu liƙewa. Sai a buɗe baki kamar za a yi hamma a sake murzawa, in ta dawo, a sauya robar.